Karɓar kirifto a shagon intanet: wace hanya ta fi dacewa da kai?

Mai shagon intanet da kwastomomi suka isa da tambayar "yaushe za ka fara karɓar kirifto?" ba ya ƙin kuɗi. Tsoro yake ji, kuma tsoronsa yana da tushe. Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve, ta fara karɓar Bitcoin, ɗaya daga cikin kuɗaɗen intanet da ake kira kirifto, a 2016, ta daina a Disambar 2017, domin kuɗin tura ciniki ɗaya ya kusa dala 20, farashi kuma yakan canja kafin mai saye ya gama biya. Stripe, kamfanin da ke karɓar wa shaguna kuɗi ta intanet, ya janye a 2018. Tesla ta buɗe ƙofa a Maris ɗin 2021, ba a cika wata biyu ba ta rufe, tana kukan yawan wutar da haƙar Bitcoin ke ci. Saboda haka kafin a ce i ko a'a, a duba hanyoyin da ake da su, domin kowacce tana ɗora asarar da ka iya faruwa a wuyan wani daban.

Hanyar da manyan kamfanoni suka fi bi ita ce ta dillali. BitPay, wanda aka kafa a 2011, shi Microsoft ya yi amfani da shi a 2014, shagon intanet na Overstock kuma ya bi ta Coinbase a farkon 2014. Aikin ba wuya. Mai saye ya zaɓi kirifto a wurin biya, sai lambar QR ta fito da adadin da zai tura, an kulle masa farashi na minti 15. Da kuɗin sun shiga, dillali ya canja su zuwa dala ko yuro, ya zuba maka a banki. Kai ba ka taɓa Bitcoin ba, ko ya faɗi da dare ba ruwanka. Ladan dillali yakan tsaya tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, alhali katin banki ta hannun Stripe a Amurka yana cin kashi 2.9 da santi 30 a kowane ciniki.

Sai dai dillali na da nasa sharuɗɗan. Zai nemi takardun rajistar kasuwancinka da shaidar ko kai wane ne, yana iya riƙe kuɗi in ya ga abin da bai gamsu da shi ba, kuma ba kowace ƙasa yake biya ta banki ba. Wannan na ƙarshe shi za ka fara tambaya, tun kafin maganar lada. In ba ya zuba kuɗi a bankin ƙasarka, da kuɗin ƙasarka, to rabin amfaninsa ya tafi. Ka tambayi kuma mafi ƙarancin abin da sai ka tara kafin a biya ka, da yadda suke yi in mai saye ya turo kuɗi ba su cika ba. Hakan na faruwa sosai: mutum ya tura daga kasuwar musayar kirifto, kasuwar ta zare kuɗin turawa daga cikin adadin, sai abin da ya iso ya gaza da ɗan kaɗan, oda ta maƙale, shi kuma yana rantsuwa ya biya.

Wanda ba ya son kowa a tsakani yana da BTCPay Server, manhajar kyauta da Nicolas Dorier ya fara a 2017. Kai za ka ɗora ta a saba, wato kwamfutar da ke kunne kullum a kan intanet, ka haɗa ta da shagonka na WooCommerce ko Shopify, kuɗi su riƙa faɗawa walat ɗinka, wato ma'ajiyar kirifto, kai tsaye, ba lada, ba mai ikon rufe maka asusu. Tana aiki da Lightning, tsarin da ke sa biyan Bitcoin ya kammala cikin daƙiƙoƙi da kuɗin turawa kaɗan, maimakon jiran kusan minti 10 na kowane bulo, wato rukunin cinikin da ake tabbatarwa lokaci guda. Ina ganin girman wannan manhaja ƙwarai, amma ba zan ba kowa shawararta ba. Saba za ta buƙaci mai kula da ita. Kalmomin sirri 12 ko 24 na walat in sun ɓace, ko wani ma'aikaci ya ɗauki hotonsu, babu ofishin da za ka kai ƙara. Ga kuma farashi: Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a Nuwambar 2021, shekara guda bayan haka yana ƙasa da 16,000. Ɗan kasuwar da ribarsa kashi 10 ce, in ya bar cinikin mako a Bitcoin, farashi ya sauka da kashi 10, aikin banza ya yi, kuma mai ba shi kaya ba zai saurari labari ba.

Shi ya sa da yawa suka karkata ga kirifto mai tsayayyen farashi, irin USDT na Tether da USDC na Circle, waɗanda aka ɗaure kowane ɗaya da dala guda. Da Stripe ya dawo harkar a 2024, da USDC ya dawo, PayPal ma ya fitar da nasa, PYUSD, a 2023. Lissafi a nan ya fi sauƙi, kayan dala 40 kuɗinsa USDT 40. Tarkon da ke ciki shi ne layin turawa. USDT yana tafiya a kan Tron, yana tafiya a kan Ethereum da wasu layukan, kuma mai saye da ya tura ta layin da walat ɗinka ba ya karɓa zai iya rasa kuɗinsa, ko a sha wahala kafin a ciro su. Rubuta sunan layin ɓaro-ɓaro a shafin biya. Kuma "tsayayye" ba ya nufin ba ya girgiza. TerraUSD ya ruguje gaba ɗaya a Mayun 2022, USDC ya taɓa sauka zuwa kusan santi 87 a Maris ɗin 2023 lokacin da Silicon Valley Bank ya durƙushe, kafin ya farfaɗo.

Manna adireshin walat ɗaya a shafi a ce kowa ya tura can ya turo hoton shaida, wannan ba tsari ba ne. Ba za ka san wanda ya biya wace oda ba, kuma duk wanda ya ga adireshin zai iya leƙa cinikinka kaf. Barin kuɗin shago a kasuwar musaya ma ganganci ne, waɗanda suka bar nasu a kasuwar FTX sun gani lokacin da ta durƙushe a Nuwambar 2022.

Abu ɗaya da ya haɗa duk hanyoyin: biyan kirifto ba ya komawa baya. Mai saye ba zai kira banki ya janye kuɗi bayan ya karɓi kaya ba, wanda ga mai shago babban sauƙi ne. Amma mayar da kuɗi ya koma hannunka, don haka rubuta ƙa'ida tun wuri cewa ƙimar dalar ranar ciniki za ka mayar, ba adadin kirifton da aka turo ba. Doka ma a duba ta: Sin ta haramta hada-hadar kirifto a 2021, Amurka kuma tun 2014 tana ɗaukarsa kadara wajen haraji, wato kowace sayarwa sai an lissafa riba ko asara.

Ga mafi yawan shaguna, dillali mai canja kuɗi nan take, wanda ke karɓar USDC ko USDT tare da Bitcoin, shi ne zaɓin da zan nuna. BTCPay na mai ma'aikacin fasaha ne da kwastomomin da tuni suke riƙe da Bitcoin. In kuwa kai ne mai sayen da ke son shawo kan wani shago, kada ka je masa da wa'azin makomar kuɗi. Aika masa sunan dillalin da ke biya a ƙasarsa, ladan da zai cire idan aka kwatanta da na kati, da kayan da kai da kanka za ka saya ranar da ya kunna maɓallin.