Kunyar Adamu da Hawwa'u: Tabo ko Garkuwa?

Littafin Farawa, na farko a cikin Littafi Mai Tsarki, ya ce Adamu da Hawwa'u suna tsirara, ba sa jin kunya. Da suka saɓa wa Allah, sai suka ɗinka ganyen ɓaure suka rufe jikinsu. Me wannan kunyar ke nunawa?

Wasu sun ce jikin ne abin ƙyama. Mabiya Mani, wanda ya kafa wani addini a ƙarni na 3, sun ɗauki jiki kurkukun ruhu. Cocin Katolika ta yi watsi da wannan, domin Allah ya dubi halittarsa ya ga tana da kyau ƙwarai.

Ɗaya fahimtar kuwa ta Paparoma John Paul na II ce, cikin jawabai 129 na ranakun Laraba, daga 1979 zuwa 1984. A wurinsa jiki bai zama ƙazanta ba, kallo ne ya gurɓace. Dā Adamu yana ganin matarsa kyauta ce daga Allah. Bayan zunubi, sha'awa na iya mai da ita abin biyan buƙata kawai. Sai kunya ta tashi tana tsaron mutunci, kamar murfi a kan abu mai daraja.

Ni ta biyun ce ta kwanta mini a rai, don ta farkon ta kasa bayyana dalilin da ya sa Almasihu ya ɗauki jiki irin namu.