Metro na Riyad a Idon Mai Keken Guragu

Shekara tara ke nan ina kan keken guragu, tun bayan hatsarin motar da ya taɓa mini laka, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban taɓa barin unguwarmu da ke kudancin Riyad ba sai da wanda zai cicciɓe ni ya sa a mota, ya naɗe keken ya cusa a but. Riyad gari ne da aka shimfiɗa domin masu mota, kuma wanda ba ya iya tuƙi, kullum fitarsa tana rataye da lokacin wani da kuma haƙurinsa. Shi ya sa da Sarki Salman ya ƙaddamar da jirgin ƙasa na cikin gari, wato metro, a ranar 27 ga Nuwamba 2024, aka kuma fara ɗaukar fasinja a ranar 1 ga Disamba, tambaya ɗaya ce a raina: shin mutum irina zai iya shiga ya fita shi kaɗai? Na daɗe ina hawa kafin in zauna rubuta wannan bayani, domin 'yan uwa Hausawa da ke nan, da masu kawo iyayensu asibiti daga Makka da Jidda da Madina.

Layuka shida ne, masu tsawon kilomita 176 da tashoshi 85, kuma jiragen ba su da direba. Wani sashe yana bin gada a sama, wani yana bin ƙarƙashin ƙasa. Wanda na fi hawa shi ne Shuɗin Layi, wanda ya ratsa birnin daga arewa zuwa kudu, ya nutse ƙarƙashin Olaya da Batha, ya biyo ta Manfuha har zuwa Darul Baida. Koren Layi kuwa, da ke bin titin Sarki Abdul'aziz, a ƙarƙashin ƙasa yake tun daga farko har ƙarshe.

Ranar da na fara gwadawa, ɗan ƙanwata ne ya raka ni. Muka shiga lif daga bakin titi, ya sauke mu a hawan da ake sayen tikiti, inda na tarar da ƙofa mai faɗi a gefen ƙananan ƙofofin da sauran mutane ke bi, na ɗora katina a kan na'ura ta buɗe. Wani lif ɗin ya kai mu dandamalin jiran jirgi. A nan ne gabana ya fara faɗuwa, domin duk mai keke ya san abokin gabarsa: ratar da ke tsakanin dandamali da tarago, wadda ƙananan tayoyin gaba ke faɗawa su maƙale. Akwai katangar gilashi tsakanin masu jira da layin dogo, ƙofofinta ba sa buɗewa sai jirgi ya tsaya daidai da su. Da suka buɗe na leƙa ƙasa, sai na ga daɓen taragon ya yi daidai da na dandamali, ratar kuma 'yar siririya ce. Yaron ya kama hannun keken ya ce, "Kawu, in tura ka?" Na ce masa, "Bari, ɗana, yau ni zan shiga da kaina." Na murza tayoyi sau biyu, sai ga ni a ciki. Ban iya cewa komai ba har muka wuce tasha biyu.

A cikin tarago akwai wurin da aka keɓe wa keke kusa da ƙofa. Shawarata ita ce mutum ya danne birkin tayoyi biyun tun kafin jirgi ya motsa, ya kuma riƙe ƙarfen da ke gefe, domin jirgin yana tashi da ƙarfi, kuma keken da ba a ɗaure ba yana iya sulalewa. An raba jirgin kashi uku: na aji ɗaya, na iyali, da na maza waɗanda ba sa tare da iyali, kuma an rubuta alamar kowanne a dandamali. Ana sanar da tasha mai zuwa da Larabci da Turanci, da murya da kuma rubutu a allo, abin da ke ba ni damar juya keke in fuskanci ƙofa tun da sauran lokaci.

Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Riyal 4 ne tikitin awa biyu, riyal 20 na kwana uku, 40 na mako, 140 na kwana talatin, kuma tikitin yana aiki a bas-bas na gari. Akwai rangwamen rabin kuɗi ga masu naƙasa da tsofaffi da ɗalibai, amma sai an yi rajistar katin Darb, wato katin biyan kuɗin jirgin da bas, da takardun shaida, don haka mutum ya tafi da iƙamarsa, wato katin izinin zama, da takardar naƙasarsa. In aka kwatanta da abin da nake biyan motar haya a zuwa asibiti ɗaya, tikitin wata guda ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba.

Manyan tashoshin da ake sauya layi suna buƙatar shiri. Tashar Kasrul Hukum, wadda aka buɗe a watan Fabrairun 2025, inda Shuɗin Layi ya haɗu da mai ruwan lemo, tana da zurfi ƙwarai, hawa bisa hawa. Rumfar ƙarfe mai sheƙi kamar madubi ce ta lulluɓe bakinta, tana jefa hasken rana har can ciki, kuma a ƙasa akwai lambu mai korayen shuke-shuke. Daga nan na fita na yi sallar la'asar a babban masallacin Imam Turki bin Abdullahi, na zaga gidan tarihi na Masmak, wuraren da rabona da su tun ina tafiya da ƙafata. Sai dai girman tasha yana nufin tafiya mai nisa, kuma mai murza keke da hannu zai ji a kafaɗarsa. Haka abin yake a tashar cibiyar hada-hadar kuɗi ta Sarki Abdullahi, wadda kamfanin marigayiya Zaha Hadid ya zana, inda layuka uku suka haɗu. Mai ƙafa yana hawa matakalar lantarki ya yanke hanya, mai keke kuwa sai ya bi alamar lif daga wannan hawa zuwa wancan. Nakan ƙara minti goma a lissafina duk ranar da zan sauya layi.

Abin da ya fi ɓata mini rai daga mutane yake fitowa. Lokacin tashi daga aiki, matasa majiya ƙarfi sukan cika lif maƙil alhali ga matakala tana tafiya a gefensu. Wata rana lif ya zo ya tafi sau uku ina kallo, har sai da wata dattijuwa Bahausa, wadda ita ma da sanda take dogarawa, ta tare ƙofar da hannunta ta ce da ni, "Shigo, ɗan nan, ai domin irinmu aka yi shi." Biyu daga cikin samarin suka fita suna sunkuyar da kai. Tun daga ranar nake kauce wa safiya da kuma bayan la'asar in dai ba dole ba, na fi son tsakanin ƙarfe goma da azahar.

Wahala ta biyu tana waje, tsakanin ƙofar gida da bakin tasha. Kewayen tashoshin an gyara shi, da daɓe mai laushi da gangara a mashiga. Da zarar an shiga lungunan tsofaffin unguwanni kuwa, sai a ci karo da dakali mai tsayi, da motar da wani ya ajiye daidai kan gangarar, da kayan shago da aka baje a hanya, har ya zama dole in sauka kan kwalta in bi gefen motoci. A lokacin bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, ƙarfen da nake murzawa yakan yi zafin da ba ya taɓuwa sai da safar hannu. Bas-bas ɗin da suka fara aiki a 2023 suna rage wannan wahala, domin suna da faifan da ake shimfiɗawa keke ya hau, kuma direbobin da na haɗu da su ba su taɓa nuna mini gajiyawa ba.

Ga wanda zai kawo mahaifi ko mahaifiya a keke, ina ba shi shawara ya fara zuwa shi kaɗai ya duba hanyar daga gida zuwa tasha, ya gane wace ƙofa ce ke da lif, domin tasha ɗaya tana iya samun mashiga a ɓangarori biyu na babban titi, kuma tsallake titin Riyad da keke ba ƙaramin aiki ba ne. Ni dai yanzu ranar Talata nake zuwa gashin ƙashi ni kaɗai, in dawo in biya ta Batha in yi wa gida cefane, in rataya ledar a bayan keke.