Bitar manhajar GPlates: me take nunawa game da giɓin aman wuta na kudancin Chile?

GPlates manhaja ce ta kwamfuta da ake saukewa kyauta, wadda masu bincike na ƙungiyar EarthByte a Jami'ar Sydney da ke Ostareliya suke jagorantar gina ta tare da abokan aikinsu na jami'ar Caltech a Amurka. Aikinta shi ne mayar da farantan ɓawon duniya wuraren da suke a zamanin da, ta yadda mutum zai ga motsinsu na miliyoyin shekaru a kan allo. Na auna ta da tambaya guda: me yake samun jerin duwatsu masu aman wuta idan tudun tsakiyar teku, wato layin da farantai biyu suke rabuwa, ya nutse ƙarƙashin nahiya?

Babu wurin gwaji da ya kai kudancin Chile. A daidai digiri 46 kudu, kusa da zirin Taitao, tudun da ya raba farantin Nazca da na Antaktika yana shigewa ƙarƙashin Kudancin Amurka. A ƙa'ida, farantin da yake nutsewa yakan saki ruwan da ke jikinsa a zurfin kusan kilomita 100, ruwan ya sauƙaƙa narkewar dutsen da ke samansa, narkakken dutsen kuma ya taso ya ciyar da duwatsu irin su Hudson, wanda ya yi mummunan aman wuta a 1991. To amma ɓawon da ke gefen tudun sabo ne mai zafi, yana zubar da ruwansa tun bai yi nisa ba, sannan farantan biyu suna ci gaba da rabuwa a can ƙasa ba tare da sabon ɓawo ya cike tsakaninsu ba, sai wata taga ta buɗe. Shi ya sa daga Hudson zuwa dutsen Lautaro, wajen digiri 49, jerin ya yi tsit, wannan kuwa shi ne giɓin aman wutar.

A nan manhajar ta biya ni. Idan aka ɗora taswirar shekarun ƙasan teku, aka koma baya shekara miliyan 15, aka saki lokaci ya tafi, za a ga mahaɗar farantan uku tana hawa arewa daga can ƙarshen nahiyar, ga launin sabon ɓawo yana gogar bakin kwazazzabon teku, wato inda farantin yake nutsewa. Haka kuma bambancin gudu yana fitowa fili, domin Nazca yana shiga da kimanin santimita 7 a shekara, Antaktika kuwa kusan 2 kacal. Zanen littafi ba ya iya nuna wannan, komai kyansa.

Sai dai a saman ƙasa ƙarfinta ya tsaya. Ba za ta zana maka tagar da kanta ba, kuma ba ta cewa komai game da nau'in dutsen da ya fito, alhali a nan ne labarin ya fi daɗi. Dutse mai zafi da ya taso ta tagar shi ya malala ya zama shimfiɗaɗɗun tsaunukan baƙin dutse na Ajantina, irin Meseta del Lago Buenos Aires, can nesa da jerin. Duwatsun kudu kamar Lautaro da Burney kuwa suna fitar da wani nau'in dutse da ake kira adakait, wanda masana da dama suke dangantawa da narkewar shi kansa farantin mai nutsewa. Duk wannan sai mai amfani ya nemo a wani wuri ya ɗora.

Shigarta ma tana buƙatar haƙuri, domin komai da Turanci yake, kuma sabon shiga zai ɗauki lokaci kafin ya gane yadda fayil ɗin juyawar farantai yake haɗuwa da na iyakokinsu. Ina ba malaman ilimin ƙasa da ɗaliban jami'a shawarar su sauke ta, tana aiki a Windows da macOS da Linux, amma su ajiye jerin duwatsun aman wuta na cibiyar binciken kimiyya ta Smithsonian da ke Amurka a gefe, su riƙa duba biyun tare.