Sharhi kan NFL Game Pass: kakar da na yi ina kallon ƙwallon Amurka daga Kano

Ƙanena da ke karatu a jihar Michigan ne ya ja ni cikin ƙwallon Amurka. Duk Lahadin da muka yi waya, rabin hankalinsa na wurina, rabi na kan ƙungiyar Detroit Lions. Da kakar 2023 ta gabato sai na yi rajistar NFL Game Pass, tsarin biyan kuɗi na kallon wasannin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, wanda daga wannan shekarar ake kallonsa ta manhajar DAZN a wajen Amurka. Na yi amfani da shi tun daga Satumba har Fabrairu.

Mai son shiga ya fara duba agogo. A watan Disamba tazararmu da gabashin Amurka awa shida ce. Wasannin farko na Lahadi suna farawa ƙarfe bakwai na yamma agogon Najeriya, na biyu bayan goma na dare, babban wasan dare kuwa sai bayan biyu. Wasa ɗaya yakan ci awa uku ko fiye, don haka yana shan data sosai. Nakan rage ƙarfin hoton idan a waya nake kallo. Akwai kallon kai tsaye, akwai maimaicin wasa cikakke, akwai gajerensa na kusan minti 40, ga kuma tashar RedZone da ke tsallakawa daga fili zuwa fili duk inda ake dab da cin maki.

A watannin farko gajeren nake kallo da safe kafin in fita aiki, kuma yana biyan buƙata. Amma a ƙarshen kaka, lokacin da ƙungiyoyi 32 ke kokawar kujeru 14 na zagayen sili-ɗaya-ƙwale, na gane cewa kuɗina a cikakken maimaici suke fita. Wasa guda ne ya nuna mini haka.

Daren Asabar 30 ga Disamba 2023, Lions suka je gidan Dallas Cowboys. Na tashi ƙarfe biyu na zauna. Saura daƙiƙa 23 a tashi, Jared Goff, mai jefa ƙwallo na Lions, ya jefa wa Amon-Ra St. Brown ƙwallo ya shige gidan Dallas, maki ya koma 20 da 19, Dallas na gaba. A nan koci yana da zaɓi biyu: ya sa a buga ƙwallo tsakanin sanduna a samu maki ɗaya a yi kunnen doki, ko ya nemi maki biyu ya ci wasan kai tsaye. Kocin Lions, Dan Campbell, ya nemi biyu. Goff ya jefa wa Taylor Decker, ƙaton mai tsaron gaba da ke sanye da lamba 68, ya cafke. Ƙanena ya kira ni yana ihu. Kafin mu gama murna sai ga ƙyallen alƙali mai ruwan ɗorawa a ƙasa, an soke makin.

A daren ban fahimci komai ba, ana kiran asuba raina a ɓace. Da rana na buɗe cikakken wasan, na riƙa mayar da shi baya ina tsayarwa. Dokar ita ce: ɗan wasan da lambarsa ke tsakanin 50 da 79 ba ya cikin masu karɓar jifa, sai idan ya je ya sanar da babban alƙali kafin a fara wannan yunƙurin, alƙali kuma ya shelanta wa abokan hamayya. Hoton ya nuna Decker da Penei Sewell sun nufi alƙali Brad Allen, ga Dan Skipper mai lamba 70 ya taho da gudu daga gefe. Allen ya shelanta 70. Bayan wasa ya ce 70 ne ya sanar da shi, 68 bai sanar ba. Decker ya ce ya sanar, Campbell kuma ya ce tun kafin wasa ya yi wa alƙalai bayanin dabarar.

Na kalli wurin ya fi sau goma, kuma ra'ayina shi ne alƙalin ya yi gaggawa. Mutum uku sun tunkare ka a irin wannan lokaci, kamata ya yi ka tsaya ka tabbatar da wanda ke magana. Amma su ma Lions da gangan suka tura mutum uku don su rikita masu tsaron Dallas, sai rikicin ya faɗa kan alƙali. Duk wannan abin ya faru ne tsakanin yunƙuri da yunƙuri, a 'yan daƙiƙun da gajeren maimaici ke tsallakewa don ya kai ka ga jifa. Shi ya sa nake cewa gajeren na mai sauri ne, cikakken na mai son ganewa.

Abin da ya biyo baya ya fi damuna. Hukuncin ya mayar da su yadi bakwai daga gidan Dallas, Campbell ya sake neman biyu. Micah Parsons na Dallas ya ƙetare layi kafin lokaci, aka matso da su, ya nema karo na uku, ƙwallon ta faɗi ƙasa. Na farkon na goyi bayansa ɗari bisa ɗari. Na biyun kuwa, daga yadi bakwai, ina ganin zuciya ce ta yi aiki. Da ya karɓi maki ɗaya an tafi ƙarin lokaci. Ƙungiyoyin biyu sun gama kaka da nasara 12 da rashin nasara 5, Dallas ta hau matsayi na biyu a ɓangaren NFC, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na gasar, Detroit na uku.

Bayan wata ɗaya, a wasan neman zuwa Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, da San Francisco 49ers, Lions na gaba da 24 da 7 a hutun rabin lokaci. Sau biyu bayan an dawo Campbell ya ƙi a buga ƙwallo tsakanin sanduna a samu maki uku a yunƙuri na huɗu, wanda shi ne na ƙarshe kafin ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, ya zaɓi su nemi ci gaba da ƙwallon, duka biyun ba su yi nasara ba, aka cinye su 34 da 31. Ni da ƙanena har yau ba mu daidaita ba. Shi yana cewa wannan ƙarfin halin ne ya kai su can, bayan shekara 30 ba su ci rukuninsu ba. Ni ina cewa na biyun, ana bin su maki uku, bugu ya kamata. Daɗin abin shi ne kowannenmu na iya buɗe wasan ya nuna wa ɗan'uwansa minti da daƙiƙa.

Sharhin wasannin da Turanci ne, cikin sauri da kalmomin da sai ɗan gida, don haka sabon shiga zai sha wuya a makonnin farko. Abin da ya taimake ni shi ne sauraron alƙali, domin a wannan wasa yana kunna makirufo ya faɗi laifin, da lambar mai laifin, da yadin da aka ci tara. Nakan tsayar da hoto a nan, in koma baya in nemo mai lambar da idona. Wanda yake son ganin sakamako kawai, ba sai ya kashe kuɗinsa ba. Ni dai na sabunta rajistata, kuma daga Disamba cikakken wasa nake kallo.