Bowman, Topps ko Panini: wane katin besbol ya cancanci kuɗinka?

Tun 2010 hukumar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ta ba kamfanin Topps shi kaɗai lasisin buga tambarin ƙungiyoyi a kan katin hoton 'yan wasa da ake saye ana tarawa. Wani kamfanin kati, Upper Deck, ya yi kunnen ƙashi ya ci gaba da bugawa, aka maka shi kotu, ya janye. A 2021 kamfanin kayan wasanni Fanatics ya karɓe lasisin, a Janairun 2022 kuma ya saye sashen katunan Topps kan kusan dala miliyan 500. Yanzu duk katin da ke da tambari daga gida ɗaya yake fitowa, kuma mai kayan da ba shi da abokin takara ba ya sauƙaƙa farashi.

Ni dai Bowman Chrome nake saye. Tun 1956 Bowman yake hannun Topps, amma shi ne ke buga katin matashin ɗan wasa tun yana ƙananan ƙungiyoyi, kafin ya taka filin MLB. Mai hatimin "1st Bowman", wato katin Bowman na farko na ɗan wasa, shi ake rububi, musamman in da sa hannun ɗan wasan a jiki. Na Mike Trout na 2009, wanda kwafi ɗaya tak aka buga, an sayar da shi sama da dala miliyan 3.9 a 2020. Yawancin yaran ba sa zama kowa, don haka ka sayi katin wanda ka yarda da shi, ka bar kwalin da ba ka san cikinsa ba.

Topps Series One yana da araha, amma ana buga shi birjik. Panini kuwa hula ba tambari, riga ba tambari, wuce shi.

Babbar matsalar ita ce 'yan damfara. Akwai masu datse gefen kati da reza don ya yi kamar sabo, abin da ya jawo binciken FBI a 2019. An taɓa sayar mini da irinsa, shi ya sa nake gwada kowane kati da wani na shekararsa, gefe da gefe. Robar da kamfanonin tantance kati irin su PSA, SGC ko Beckett ke rufe kati a ciki ma ana yin jabunta, har da satar lambar shaida. Ka duba lambar a shafin kamfanin, in akwai hoto ka kwatanta shi kusurwa-kusurwa. Katin shahararren ɗan wasa Mickey Mantle na 1952 ya kai dala miliyan 12.6 a 2022, to wanda ya tallata maka shi a dala 200 wai na kakansa ne, sabon bugu yake sayarwa. Fakitin da mannewarsa ta karkace kuwa, an riga an buɗe an tsince mai tsadar.