Tsakiyar M42 na ƙonewa: haɗa ɗauka biyu ko ja da GHS?

Malam, ka ce da zarar ka ja hoton gajimaren Orion (M42), wato ka ƙara masa haske a manhaja, don ƙurar gefe ta fito, sai tsakiyar ta yi fari fat, taurari huɗu na wurin, da ake kira Trapezium, su ɓace. Kana tambaya wanne ya fi: haɗa gajeriyar ɗauka da doguwa, ko ja da GHS (Generalised Hyperbolic Stretch, wata hanyar jan hoto) a manhajar Siril.

Fara buɗe hoto ɗaya wanda bai sha ja ba, ka ɗora linzami a tsakiyar, ka karanta darajar fiksil. In ta kai ƙololuwa ko dab da ita, kuma fiksil ɗin wurin duk darajarsu ɗaya, to sensar kyamara ta cika da haske. Babu manhajar da za ta dawo da abin da kyamara ba ta riƙe ba.

A nan haɗawa ce kaɗai mafita. Ɗauki na daƙiƙa 180 don gefe, sannan kamar hotuna 30 na daƙiƙa 10 don tsakiya, ba tare da taɓa fokas ba. Kowane kashi da hotunan duhunsa (waɗanda ake ɗauka da murfin kyamara a rufe), a tara shi daban, a daidaita su kan hoto guda. HDRComposition na manhajar PixInsight yana haɗa su kafin ja. A manhajar GIMP kuwa, ɗora doguwar a kan gajeriyar, ka sa marufi (mask) ka goge tsakiyar doguwar don ta gajeriyar ta bayyana, ka tausasa bakinsa da fiksil 30 zuwa 50. Bakin marufi mai kaifi shi ke haifar da zoben toka. Kuma 10 zuwa 180 ninki 18 ne, tazarar ta yi yawa, don haka saka na daƙiƙa 45 a tsakani. Kada ka dusashe tsakiyar har ta zama rami, dole ta ci gaba da fin ko'ina haske.

In fiksil bai cika ba, GHS ya wadatar, kuma ya fi sauƙi. Cire taurari da manhajar StarNet, sannan a cikin GHS ka sa SP (wurin da ja zai fi ƙarfi) a kan darajar ƙura mai rauni, ka ɗaga b (mai tattara ja kusa da SP), sannan D (ƙarfin ja) kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku. Sauke HP don kare wuri mai haske, amma in ka sauke shi da yawa tsakiyar za ta baje, launinta ya mutu. Matsalar wannan hanya ita ce, gajeriyar ɗauka da ke hana fiksil cika tana buƙatar hotuna masu yawa, in ba haka ba gefe ya cika da ɗige-ɗige kamar yashi.

Ga M42 ni dai haɗawa na fi so, domin minti biyar na gajeru ba asara ba ne. Sai dai a guji daren hazo a hunturu, ƙura tana baza hasken tsakiyar ta lulluɓe taurarin.