Akwatin kayan DJ: ka saya ne ko ka kai wa kafinta?

Duk mai zuwa wajen biki da kwantirola, wato na'urar da DJ ke haɗa waƙoƙi da ita, a cikin kwalinta na kamfani ya san ƙarshen abin, kwali ba ya wuce damina ɗaya, in ya sha zufa da ƙura ya sha jijjiga a bayan Adaidaita Sahu shikenan ya lafke. Kuma ba faɗuwa ce ke kashe kayan nan ba galibi, ƙurar hunturu ce da ke shiga cikin feda, wato maɓallan nan da ake ja don ƙara ko rage sauti, da kuma nauyin da yara masu loda kaya ke ɗorawa a kan maɓallai don su a wajensu duk ɗaya ne da lasifika. To kafin ka fidda kuɗi ka fara tambayar kanka, sau nawa kayan ke fita a wata kuma wa ke ɗaukarsu.

In kai kaɗai ke riƙe kayanka kuma ƙaramar kwantirola ce irin Pioneer DDJ-400 ko DDJ-FLX4 da ta fito a 2022, waɗanda nauyinsu bai wuce kilo 2 da ɗan wani abu ba, jakar nan mai tauri ta soson roba da ake kira EVA irin ta kamfanin Magma ko UDG ta isheka. Ba nauyi, tana tare ƙura, amma fa ba a zama a kanta. Murfin roba na Decksaver shi saman kawai yake rufewa, yana da kyau a haɗa shi da jaka amma shi kaɗai ba akwati bane.

Akwatin kamfani na gaske, wanda ake kira filayit kes, irin na Odyssey ko Gator, babu gardama shi ne ya fi, an auna shi daidai da samfurin na'urarka, kusurwa ƙarfe, gefe alminiyom. Matsalar ita ce farashinsa dala yake bi, ga kuɗin ɗauko shi daga kasuwar Alaba ta Legas ko daga waje tunda abu ne mai nauyi, wani lokacin sai ka ga kuɗin akwatin ya kusa kamo na kwantirolar da ka saya ta hannu. Kuma ran da ka canza na'ura ya tashi aiki. Na roba mai tauri irin Pelican shi har ruwa baya shiga saboda robar da ke bakin murfin, sai dai samun mai faɗin da zai ɗauki babba kamar DDJ-1000 mai tsawon wajen santimita 70 ba ƙaramin kuɗi bane.

Shi yasa ni na fi karkata ga haɗin gida ga wanda ke fita kowane sati, amma da sharaɗi, kada ka je ka ce wa kafinta "yi min akwati" ka tafi abinka, wallahi akwatin lefe zai yi maka. Ka je kasuwar 'Yan Katako da kanka ka zaɓi katakon filawud mai kaurin milimita 9, shi ne kaurin da kamfanoni suka fi amfani da shi, 12 ya fi ƙarfi amma bayanka zai faɗa maka a matakalar hol. Falle ɗaya mai ƙafa 4 da 8 ya ishi akwatin kwantirola har ya yi saura. MDF kuwa, wato katakon da ake yi da garin itace, ko kyauta aka baka ka bar shi, nauyi gare shi, ruwa na taɓa shi ya kumbura, sukuru ma baya riƙewa da kyau a gefensa.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne soso. Sai a yanko soson katifa a liƙa saboda arha da laushi, alhali yana shan danshi, in ya tsufa ya dinga marmashewa garin yana shiga cikin feda, ka ga abin da ka gudu shi ka kawo da hannunka. Nemi soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, EVA ko irin farin nan mai lanƙwasuwa, ba mai karyewa ba, da ake naɗo firij da talabijin da shi, kauri santimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe, a liƙa da gam irin Evo-Stik a bar shi ya sha iska sosai kafin a saka na'ura. Soson murfi ya danne jikin na'urar ta gefe-gefe inda babu komai, kada ya taɓa maɓallai ko faifan juyawa. Ka kai na'urar shagon a auna a gabanka, kuma a bar fili ta baya don wayoyin USB da RCA, ba sai an gama ba ka ga dole ka ciro ta kafin ka jona.

Ƙarafan ma kar a yi musu rowa, kusurwoyin ƙarfe takwas, makulli mai nutsewa cikin jikin akwatin wanda baya kama rigar mutane, mariƙi da aka ɗaure da noti ya fita ta ciki ba ƙusa ba. In ka samu na kamfanin Penn Elcom madalla, in babu masu gyaran akwatin lasifika suna da makamantansu. Murfin ya zama mai cirewa gaba ɗaya, ka yi wasa kayan na zaune a gindin akwatin suna shan iska.

Akwai masu gyara akwatin ƙarfe na 'yan makarantar kwana, yana yi in kuɗi sun yi ƙasa, sai dai yana lotsewa, yana tsatsa, in ya zauna a rana kuma ciki zafi kamar tanda, dole ka yi masa soso mai kauri. Laftop dai ko wanne ka zaɓa ka bar ta a jakar bayanka, sannan ka jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi a cikin akwatin in damina ta shigo.